Ɓawon Gyaɗa a Motar Yaya Iliya

A wannan watan yayana Iliya ya cika shekara bakwai da rasuwa. Ina bakin aiki labarin ya same ni, a ƙofar babban kantin da nake gadi a unguwar Mesaimeer, nan ƙasar Larabawa, bayan La'asar kaɗan. Ba a yarda mu ɗaga waya muna cikin kaki ba, don haka da ta fara motsi a aljihuna sai na ƙyale ta. Ta tsaya, ta sake farawa. Da abin ya ƙi ƙarewa na zagaya bayan kekunan tura kaya na duba. Issaka ne, bakanike ɗan Kumasi, aminin yayana. Issaka ba ya buɗe baki sai da zolaya, kuma bai taɓa kirana da sunana ba, kullum Janar yake ce mini saboda kakin. Ranar cewa ya yi, "Habu, kana tsaye ne? Nemi wuri ka zauna." Daga jin sunana a bakinsa na san ba lafiya.

Abin da aka faɗa mana gajere ne. Wakilin gidan da Yaya yake wa tuƙi a Al Aziziya shi ya same mu a asibiti, ya riƙe hannuna da hannu biyu, ya ce Ilyas, kamar yadda suke kiransa, shi kaɗai ne a motar, gudu yake yi a hanyar kudu, can inda gari ke ƙarewa rairayi ya fara, mota ta ƙwace masa ta wuntsila. 'Yan'uwanmu direbobi da masu gadi da suka taru a wajen duk suka sunkuyar da kai. Babu wanda ya yi mamaki. Kowa ya san Iliya da zancen tseren motoci. Wani ma ya ce a hankali, yana zaton ban ji ba, dama abin da ake gudu ke nan.

Da na so, sai in rubuta abin da aka saba rubutawa a irin wannan rana: mutumin kirki ne, mai zumunci, Allah Ya jiƙansa. Duk gaskiya ne. Amma 'yarsa Rabi, wadda ya bari tana ajin ƙarshe na firamare, yanzu tana karatun ungozoma a Kano, kuma kwanakin baya ta yi mini tambayar da ta hana ni sukuni. Tana son ta koyi tuƙi, mahaifiyarta Hajara ta hana. Ta ce mata gudu a jininku yake, ubanki ya bi shi ya bar ni da ku, ba zan ba da na biyu ba. Sai Rabi ta kira ni ta ce, "Baffa, kai kana can. Don girman Allah ka gaya mini, da gaske ganganci ne ya kashe Baba?" Na ce mata layin ba kyau, zan kira ta. Layin lafiyarsa ƙalau.

Zancen tseren nan daga wani hoto ya faro. Wata Juma'a bayan an sauko muka shiga tsohuwar kasuwar Souq Waqif, ni da shi da Issaka, muka bi ta lungun masu tsofaffin kaya, inda ake jera rediyoyi da agoguna da butocin gahawa. Yaya ya tsuguna gaban wani akwati cike da tsofaffin hotuna yana tonawa, har ya zaro guda ɗaya marar launi. Wani Bature ne zaune a cikin wata mota mai kama da kwalekwale da aka sa wa taya huɗu. Tayoyin duk a waje suke tsirara, ba rufi, ba ƙofa, rabin jikin mutumin a sama. Rigarsa mai gajeren hannu ce, ya ɗaga tabarau zuwa goshi, fuskarsa duk ƙasa sai zagayen idanu kawai ya rage fari. Ba ya murmushi. Yaya ya daɗe yana kallonsa, sannan ya ce, "Wannan ya gaji. Dubi hannunsa. Irin gajiyarmu ce."

Sunan mutumin yana rubuce a bayan hoton, amma harshena bai taɓa iya shi ba, kuma ba zan gwada rubutawa in ɓata wa bawan Allah suna ba. Mu dai Na-Hagu muke ce masa, domin Yaya ya gano cewa a tseren su na Amurka filin zagayayye ne kamar ƙwai, tun daga farawa har gamawa hagu kawai direba yake karya kan mota. Issaka ya samu abin dariya na shekaru. Ya kan ce, "Ei, Iliya! Mutum ya ƙare rayuwa yana kwana hagu, bai je ko'ina ba, shi ne gwaninka? Ko ɗan tasi na Kumasi ya fi shi, shi yana kai mutane gida."

Abin da na sani game da rayuwar Na-Hagu daga bakin Yaya na ji shi, guntu-guntu, a kan tabarmar ɗakinmu. Ɗan manoma ne. Bayan yaƙin duniya na biyu ya fara tsere a ƙananan filaye na ƙasa, irin waɗanda ake sukuwar dawaki a kai ranar taron ƙauye, da ƙananan motocin da shi da kansa yake ɗaure wa inji. Cikin mako yana gareji, ƙarshen mako ya ɗaura motar a bayan wata ya tafi garin da ake tsere, ya gama ya kwana a hanya. Daga nan masu kuɗi suka fara ba shi manyan motoci. Ba nasa ba ne, bai taɓa mallakar ko ɗaya ba. Mai mota yana can inuwa da hula, in an ci a yabi motarsa, in ta daki katanga a ce direba ne. Yaya ya kan tsaya a wannan gaɓar ya dube ni.

Akwai wani babban tsere da suke yi sau ɗaya a shekara, mai nisan mil ɗari biyar, wanda kowane direba yake burin shiga. Na-Hagu ya shiga wasu shekarun, wasu shekarun motar da aka ba shi ba ta kai gudun da ake nema ba ya koma gida. Bai taɓa cinye shi ba. Abin da aka fi saninsa da shi, in ji Yaya, shi ne karɓa. A zamanin injin yana gaban direba, zafinsa duk a ƙafafu yake ƙarewa, ga rana, ga sitiyari mai tauri kamar ana murɗa ƙofar rumbu. In direba ya galabaita a tsakiyar tsere sai ya tsaya a ciro shi, wani ya faɗa ciki ya ci gaba. Lambar mota ba ta canzawa. 'Yan kallo daga nesa hula da tabarau kawai suke gani, ba su san an sauya mutum ba, kuma sunan da ake riƙewa na wanda ya fara ne. Na-Hagu ya sha kai motocin wasu ƙarshe a haka.

Na taɓa tambayarsa, tunda akwai zakaru a cikinsu, me ya sa ya zaɓi wanda bai ci komai ba. Ya ce zakarun da yawa ba su ga furfura ba. Ba bel suke ɗaurawa ba, wasu ma sun fi son mota ta watso su waje da ta kama wuta suna ciki. Shi kuwa wannan ya san lokacin da ake ɗaga ƙafa daga totur. Ya yi shekarunsa, ya ajiye, ya buɗe shagon taya, ya mutu tsoho a kan gadonsa jikoki na kewaye da shi. "Wannan shi ne cin tsere, Habu," in ji shi. Mutanen da suka sunkuyar da kai a asibiti ba su taɓa zama sun ji labarin har ƙarshe ba. Sun ji kalmar tsere, sun ga hoto a maƙale a mota, shi ke nan. A duk shekarun da Yaya ya yi yana tuƙi a garin nan mai kyamara a kowace fitila, ba a taɓa cin tararsa a kan gudu ba. Har tsiya abokansa suke masa, wai in ka shiga motar Iliya ka taho da guzuri.

Sai zancen gyaɗa. Direbobin zamanin Na-Hagu suna da camfe-camfensu. Ba sa son koriyar mota, kuma ba sa yarda a kawo gyaɗa mai ɓawo kusa da inda ake shirya motoci, wai an taɓa tsintar ɓawonta a motocin da suka yi haɗari. Yaya ya ɗauki wannan ya riƙe. Mu da aka haifa a Bichi, mahaifiyarmu da ƙuli-ƙuli da man gyaɗa ta raine mu, har yau in na shanshana zanenta a zuciyata ƙamshin suya nake ji, amma ɗanta na fari ya kafa doka ba a cin gyaɗa a motarsa. Na ce masa, Yaya, wannan camfi ne, kuma na wasu mutane ne, ka ji tsoron Allah. Ya yi dariya ya ce shi bai ce gyaɗa na kashe mutum ba, ajali na Allah ne. Amma hannun da ke ɓare gyaɗa ba ya kan sitiyari, idon da ke neman ƙwaya ba ya kan hanya, kuma in direba ya hana kansa dole ya hana fasinja don kada ransa ya biya. A ɗaki ya kan ci kwano guda. A mota ko ƙwaya. Ya taɓa tsayawa a gefen titi ya sa Issaka ya fita ya gama cin wadda ke aljihunsa, ya karkaɗe riga, sannan ya dawo.

Turancin Yaya bai kai ya karanta waɗannan labaran shi kaɗai ba. Wanda yake fassara masa shi ne ƙaramin ɗan maigidansa, saurayi ɗan jami'a a lokacin, wanda Yaya yake kira Auta. Mahaifinsa ya karɓe masa makulli bayan ya lalata wata mota, ya ɗora wa Yaya kai shi duk inda za shi. Suka shaƙu. Auta ne yake nemo masa tsofaffin bidiyon tseren a waya, su zauna a mota suna kallo kafin a fito daga aji. Yaya yana son yaron, ba na musu. Amma ya sha gaya mini cewa da zarar sun bar gari sai yaron ya fara roƙo: Ilyas, yalla, haba mana, ka gaji, bari in karɓe ka kamar mutuminka. Na tambaye shi yana ba shi? Ya ce, "Ina hana shi." Sannan ya ce, "Amma ka san ɗan kafil ne, bizata a hannun ubansa take."

A nan Mesaimeer aka binne shi, ba nisa da inda nake aiki. An bar ni da Issaka muka shiga muka tsaya tare da mai wanka. Ba zan faɗi abin da bai kamata ba. Abu ɗaya kawai: akwai wani shati baƙi, faɗinsa kamar yatsu uku, ya taso daga kafaɗa ya ratsa ƙirji ya sauka ƙugu. Shatin bel ne, na kuma ji sanyi a raina cewa ya ɗaura, kamar yadda ya saba. Ban yi wani tunani ba. Sai bayan makonni, na shiga gaban motar wani abokin aiki, na miƙa hannu na jawo bel ta kan kafaɗata ta dama, sannan abin ya faɗo mini. Motocin nan sitiyarinsu a hagu yake, kamar na gida. Bel ɗin direba ta kafaɗar hagu yake saukowa. Wanda ke saukowa ta dama na mai zaman banza ne. Shatin da na gani a jikin Yaya, a idona, daga dama ya taso.

Na je gareji na samu Issaka a ƙarƙashin wata mota na gaya masa. Ya fito yana goge hannu, ya ja ni gefe inda yaran shago ba za su ji ba. Ya ce, "Janar, kai kana wajen kai, ni ina wajen ƙafa. Damarka haguna ce. Ni hagu na gani." Na ce ka rantse. Ya ce ba ya rantsuwa a kan abin da ya gani da ido cike da hawaye. Sannan ya sassauta murya ya ce, "'Ya'yanka huɗu, yanzu ga na Iliya, bizarka kuma ɗaya ce. Ka yi lissafi." Har yau ban san ko hagun ya gani da gaske ba, ko ni yake karewa. Shekara bakwai muna cin abinci kwano ɗaya, ban daina duban fuskarsa ba in zancen ya taso.

Shi ɗin ne dai ya san mai gadin filin da ake tara motocin da suka yi haɗari, ya kai ni in ɗebo kayan Yaya. Farar jif ce babba. Rufin ya lotse ta ɓangaren dama har ya kusa taɓa kujera. Ɓangaren direba kuwa mutum zai iya shiga ya zauna. Na sami carbinsa, na sami hularsa, na zaro hoton Na-Hagu daga bayan abin tare rana inda yake maƙale shi. Da na sunkuya in duba ƙarƙashin kujera sai na ga ɓawon gyaɗa. Ba ɗaya ba, ba biyu ba, kusan cikin tafin hannu, a warwatse wajen birki da totur, wasu sun shige ƙarƙashin shimfiɗar ƙafa. Yaya kullum da safe yake share motar nan kafin ya karya. Na tattara su a hankici. Issaka ya ce leburorin filin suna fakewa a motocin nan su ci abinci in rana ta yi zafi, kuma ai nan ne kaɗai wurin da ake iya zama. Yana iya yiwuwa. Amma ni abin da na sani shi ne mutum ɗaya ne a duniya zai iya karɓar sitiyari daga hannun yayana, kuma shi ne kaɗai zai iya ɓare gyaɗa a motarsa a ƙyale shi.

Auta bai zo gaisuwa ba. An ce a makon ya tafi ƙasar waje ƙarin karatu, tafiyar da Yaya bai taɓa ambata mini ba, shi da yake ba ni labarin har takalmin da yaron ya saya. Gidan kuwa sun yi mana alheri. Sun ɗauki nauyin komai, sun kula da Hajara da yara fiye da yadda na taɓa ji an yi wa iyalin direba, ba su kuma daina ba. Hajara ba ta idar da salla ba ta sa su a addu'a ba. Allah Ya sani, mai yiwuwa halinsu ne haka, akwai mutanen kirki a ƙasar nan, na zauna da su. Amma ban san ranar da alherin mutum ya fara ba ni tsoro ba sai a kansu. Duk lokacin da saƙonsu ya isa Bichi, ita tana murna, ni ina nan ina tambayar kaina na mene ne.

Na kai maganar gaban wani malami ɗan garinmu, domin na san abin da mai wanka ya gani amana ne. Ya ce abin da aka ce a rufe aibin mamaci ne, abin da zai wanke shi ba aibi ba ne. Amma ya ce in kiyayi ɗora wa rayayye laifi da zato. Shi ya sa ba za ku ga sunan gidan ko na kowa daga cikinsu a nan ba. Ba ni da shaida. Ina da abin da idona ya gani, wanda abokina ya ce ba haka ya gani ba, da ɓawon gyaɗa a cikin wani ƙaramin gwangwanin alawa a ƙasan akwatina.

Garin da Yaya ya bari ba shi ne wannan ba. Da ya dawo yau da ya ɓata a hanyoyin da ya sani kamar tafin hannunsa, shataletalen da yake kwatance da su yawanci an mai da su gadoji, jirgin ƙasa yana bi ta ƙarƙashinmu. Har motoci masu taya a waje, jikokin ta Na-Hagu, yanzu suna zuwa tsere a filin da ke arewacin gari. Bara wani mai kawo wa Issaka gyara ya ba shi tikiti biyu muka je. Ƙarar ta fi ƙarfin kunnena. An yi wa direba baka na ƙarfe a saman kai, kayansa ba sa cin wuta, wata mota ta daki katanga muka ga mutum ya fito yana tafiya da ƙafarsa. Na san Yaya zai yi murna da wannan, ko da zai ce yaran yanzu ba su san taurin sitiyari ba. Ni kuwa wani abu na tsaya kallo. A kowace mota akwai kyamara tana duban direba, sunansa yana rubuce a babban allo. Yanzu ba a karɓa. Wanda ya fara shi ke gamawa, kuma kowa ya san wanda ke ciki. Na juya zan faɗa wa Issaka, na tarar shi ma allon yake kallo, bai kuma yi zolaya ba har muka fito.

Watannin baya na ga Auta. A Souq Waqif ne, ranar Juma'a, kusa da lungun tsofaffin kayan nan. Ya zama magidanci, ya ajiye gemu, yana saɓe da 'yar ƙaramar yarinya a hannun dama. Shi ya fara gane ni, domin ni da Yaya kamarmu ɗaya. Ya tsaya kamar an taka masa birki. Muka gaisa da guntun Larabcina da guntun Turancina. Ya ce, "Kai ƙanin Ilyas ne. Malamina ne, wallahi, malamina ne." Da yarinyar ta zame ya so ya gyara ta, na lura hannunsa na hagu ba ya ɗaguwa sama da kafaɗa. Abubuwa da yawa suna jawo haka, na sani, ko faɗuwa daga doki. Sai ya ce, ba tare da na tambaye shi ba, "Ka san har yau ba na bari a ci gyaɗa a motata?"

Na daɗe ina shirya tambayar, amma da ta fito gajeriya ce. Na ce, "Ranar da abin ya faru, kana ina?" Bai yi fushi ba. Da ya yi fushi da na fi samun sauƙi. Ya sunkuya yana gyara wa 'yarsa takalmin da ba abin da ya same shi. Ya ɗago, idonsa ya kaɗa, ya dafa ƙirji ya ce, "Allah Ya jiƙansa. Khalas, shi ke nan, ɗan'uwa, ya wuce." Wata mata daga gaba ta kira shi, ya ce mini sai an jima, ya shige cikin mutane. Wani ɗan dako ya turo baro ya ce in ba shi hanya, na matsa. Ban sake ganinsa ba. Ina iya cewa na ga mai laifi. Ina kuma iya cewa na ga mutumin da ya yi rashin wanda yake ƙauna, aka yi masa tambayar da ta yi masa ciwo. Na juya abin ta kowane gefe, duka biyun suna zama.

Me ya rage na Yaya? Kabari a Mesaimeer da nake biyawa in na tashi aikin safe. Garejin Issaka, inda duk surutunsa ba ya bari yaro ya shiga motar mutane da gyaɗa a aljihu, in an tambaye shi ya ce dokar wani Bature ce. Direbobi biyu ko uku 'yan gida da ya koya wa garin, waɗanda har yanzu suke ɗaga ƙafa tun kafin fitila ta canza. Da kuma suna. Sunan shi ne bai zauna daidai ba. Mutumin da ya zaɓi gwaninsa saboda ya mutu a kan gado, a gidansa ana ambatonsa a matsayin wanda gudu ya kashe. Ya yi shekaru yana ba mu labarin mota mai lamba ɗaya da direba biyu, muna dariya.

Na kira Rabi a makon jiya. Na ba ta labarin hoton, da Na-Hagu, da shagon taya, da ranar da babanta ya sauke Issaka a gefen titi, ta yi dariya har na ji muryarsa a cikin tata. Sannan na ce, "Ban ga lokacin da abin ya faru ba, Rabi. Amma babanki ba mai ganganci ba ne, kuma zuciyata ba ta yarda shi ne a kan sitiyari ba." Ta ce, "To waye, Baffa?" Na ce wannan ne ba zan iya rantsuwa a kai ba. Ta ce, "Ni na yarda. Amma Umma za ka gaya wa, ba ni ba. Ita ce ta hana."

Gaskiyarta. Hajara ba ta karanta jarida, kuma wannan ba maganar da za ta ji a bakin wani ba ce ko a waya. Dole sai na zauna a gabanta, in gaya wa matar da ta yi shekara bakwai tana fushi da mijinta tana yi wa wani gida addu'a cewa wataƙila ba haka abin yake ba, in kuma buɗe mata gwangwani ta ga ɓawon gyaɗa. Ban san ko zai ishe ta ba. Na naɗe hoton a cikin hular Yaya, na Rabi ne. Hutuna sai bayan Babbar Salla. Har yanzu ban gaya wa Hajara ba, Rabi kuma ba ta fara koyon tuƙin ba.